Ƙwayar Hana Susa



A wannan makon maganar kare muka kawo. Mun san akwai waɗanda za su taɓe baki su ce duk abin da ke damun mutane ba mu ga na rubutawa ba sai kare. A yi haƙuri a ƙarasa karantawa tukuna. Duk gidan da ke da akuya ko tunkiya ko kaji a Bacirawa ya san amfanin haushin kare da tsakar dare, ko da masu gidan ba sa yarda kare ya taka musu tabarma. Sannan maganin da za mu yi magana a kansa ba na kare kaɗai ba ne. Yana nan a kemis ɗin unguwa ana sayar da shi kamar alewa, kuma mutane ma suna sha.

Sunan karen Duna, saboda baƙi ne wuluk in ban da ɗan fari a ƙirji. Na kawunmu ne, ƙanen mahaifiyarmu, wanda yake noma da damina ya tafi farauta da rani. Amma in ta aiki za a bi, Duna na layinmu ne gaba ɗaya. Gida biyar ne suke barci da ƙarfin haushinsa. Ya san muryar kowa. Ya san mai tallan koko, ya san almajiran da ke zuwa karɓar tuwon dare, ba ya kula su. Baƙo ne in ya tsaya kusa da turken awaki bayan isha'i, to kowa sai ya farka.

Da ruwa ya sauka bara, Duna ya fara susa. Kowane kare yana susa, amma wannan daban ce. Yakan juya ya kama gindin wutsiyarsa da haƙori yana gwaguya kamar ya sami ƙashi. Ya goga bayansa da katanga, ya kwanta ya ja ciki a ƙasa, ya tashi ya koma gwaguya. Cikin sati biyu gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja tana fitar da ruwa, ƙudaje suna bi. Da dare muna jin ƙafarsa tana bugun ƙyauren zaure, ƙwaf ƙwaf ƙwaf, har asuba. Shi bai yi barci ba, Kawu ma bai yi ba.

Masu ba da shawara kuwa sun yi yawa. Wani ya ce a shafa masa baƙin mai na inji. Wani ya ce a ɗiga fiya-fiya a ruwa a yi masa wanka. Kawu ya ƙi duka biyun, don ya taɓa ganin karen da aka yi wa wankan fiya-fiya ya lashe jikinsa, ya yi ta dalalar da yawu yana karkarwa har ya mutu kafin magariba. Daga baya wani abokin farautarsa ya ce akwai wata 'yar ƙwaya fara da ake kira dekza, ita yake ba nasa karnukan. Kawu ya je kemis. Mai kemis bai tambayi nauyin karen ba, bai tambayi abin da ke damunsa ba, bai faɗi kwana nawa za a yi ana bayarwa ba. Ya yanko kati biyu ya miƙo, ya ce a riƙa ba shi safe da yamma. Kuɗin bai kai na kwanon shinkafa da wake ba.

Kawu yakan cusa ƙwayar cikin lomar tuwo ya jefa masa. A kwana na biyu susa ta tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke. Jan fatar ya ragu, ciwon ya fara bushewa, Duna ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Mun yi murna ƙwarai. Labari ya bazu cikin mafarauta, har daga wajen Ungogo wani ya zo da babur yana tambayar sunan maganin. Sai dai duk ranar da Kawu ya gwada tsallake bayarwa, bayan kwana uku ko huɗu susar takan dawo. Saboda haka in kati ya ƙare sai a sayo wani. Haka aka yi ta yi wajen wata uku.

Abin da muka fara lura da shi shi ne ƙishirwa. Mu ne masu zuba wa dabbobi ruwa kafin mu tafi makaranta, don haka mun san yadda kaskon Duna yake. A da in mun cika shi da safe, muna dawowa mu tarar da saura. Yanzu kafin mu gama sa takalmi ya lashe shi tas. Ya koma shan na agwagi, ya sha na kaji, ya je bakin rijiya yana lasar inda guga ya zubar. Wata rana an ajiye buta a gindin bishiya, ya ture ta da hanci yana lasar ƙasar da ta jiƙe. Daga baya muka ji a bakin likita cewa kare mai nauyin kilo 15 kamar Duna, abin da yake sha a rana bai cika wuce lita ɗaya ba, wato ledar fiya-wata biyu. In ya haura lita ɗaya da rabi kullum, akwai matsala. Duna ya wuce nan nesa.

Ruwan da ya shiga kuma dole ya fita. Karen da tun yana ɗan kwikwiyo bai taɓa ɓata zaure ba, sai ga shi ana tashi da safe a ga fitsari a inda Kawu yake shimfiɗa buzu. Matar Kawu ta yi faɗa, aka kore shi waje, aka ce ya lalace. Ga yunwa kamar an yi masa baki. Ya ci nasa, ya ci dusar awaki, ya sace ƙanzon da aka shanya a kan rumfa, har daddawar Inna ya ɗauke da ledarta. An zane shi a kan daddawar nan. Mu dai har yanzu in muka tuna wannan dukan ba ma jin daɗi, domin ba halinsa ba ne ya canza, ƙwayar ce take jan sa.

A wata na biyu cikinsa ya fito. Masu wucewa suna cewa, "Kai, Duna ya samu duniya, dubi teɓa!" Amma wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga cikin ne kawai ya sauko kamar salka. Cinyoyinsa sun tsotse, ƙashin bayansa ya fito, saman kansa ya faɗa. Gashin gefen cikinsa ya yi ta kakkaɓewa ta dama da hagu daidai wa daida, fatar wurin ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. Yana haki da dare ko an yi ruwa gari ya yi sanyi. Ƙaya ta yanke shi a ƙafa a gonar gyaɗa, ɗan ciwon da a da kwana biyar ya ishe shi, ya yi sati uku yana ruwa. Katangar bayan gida da yake tsallakewa ba tare da ya taɓa ta ba, yanzu sai ya tsaya ya dube ta ya zagaya ta ƙofa.

Ana cikin girbin gero ƙwayar ta ƙare. Kawu yana gona tun asuba har faɗuwar rana, kuma ya ga fatar ta warke, sai ya ce ya isa haka. A kwana na uku Duna ya ƙi cin tuwo, karen da jiya-jiya yake cin dusa. Ya yi amai, ya yi zawo, ya kwanta a gindin rumbu yana rawar jiki. In ya yunƙura zai tashi ƙafafun baya su ƙi. Wasu suka ce guba aka ba shi. Wasu suka ce haukan kare ne a kashe shi tun bai ciji yaro ba. Kawu ya ce bai ga alamar hauka ba, kuma ba zai kashe karen da ya yi shekara biyar yana bin sa daji ba sai likita ya gani.

Kai kare asibiti ba ƙaramin aiki ba ne a nan. Masu a-daidaita-sahu uku muka tsayar a titin Katsina, kowa ya leƙo ya ga abin da ke cikin buhu sai ya ja kekensa. Ba mu ga laifinsu sosai ba, fasinja ba zai shiga inda kare ya yi amai ba. Sai wani mai a-kori-kura da ya sauke hatsi a Dawanau zai koma cikin gari ya yarda, ya ce a sa shi a baya. Ranar Asabar ce, shi ya sa mu biyu muka samu bin Kawu zuwa asibitin dabbobi.

Likitan ya ɗaga leɓen Duna ya duba dasashi, ya matsa cikin, ya ja fatar ya saki. Sannan ya ce, "Malam, wane magani kake ba shi?"

Kawu ya zaro katin da ya ƙare daga aljihu.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina, Likita."

"Yaushe ka daina?"

"Yau kwana huɗu."

"Lokaci ɗaya ka tsayar?"

"Ai na ga ya warke."

Likitan ya girgiza kai, bai yi faɗa ba. Ya sa aka ɗaura wa Duna ruwa, sannan ya yi masa allura. Da Kawu ya tambayi ta mece ce, sai ya ce irin maganin da aka daina ba shi ne. Kawu ya buɗe baki. Mu ma mun yi mamaki, abin da ya kwantar da shi kuma shi za a ƙara masa?

Ga yadda ya yi mana bayani, kuma da muka dawo malamin kimiyya ya ƙara mana haske da zane a allo. A saman kowace ƙoda, ta kare da ta mutum, akwai wata 'yar tsoka ƙarama da take fitar da sinadarin da ake kira kotizol. Shi ne yake taimakon jiki ya riƙe sukari da hawan jini daidai, ya jure wahala da ciwo, kuma shi yake kwantar da kumburi. Dekza, wadda cikakken sunanta dekzametazon, da 'yar uwarta firednisolon, kwaikwayon wannan sinadari ne da aka haɗa a masana'anta. Ana kiran danginsu siteroyid. Firednisolon ta ninka kotizol ƙarfi kamar sau 4, dekza kuwa kamar sau 25, kuma aikinta yana daɗewa a jiki kwana biyu zuwa uku. Wato kafin ta jiya ta gama aiki an ɗora ta yau, safe da yamma, wata uku.

Likitan ya ce mu ɗauka akwai gidan da kullum maƙwabta suke aiko musu da tuwo, har ya yi musu yawa. Sai su daina hura wuta, su daina sayen itace, tukunya ta yi ƙura. Ranar da aka daina aikowa ba tare da an faɗa musu ba, da yunwa za su kwana. Haka 'yar tsokar nan take. In ta ga maganin yana shigowa kullum sai ta daina yin nata, har ta ƙanƙance. In aka yanke maganin lokaci ɗaya, jiki ba shi da na waje ba shi da na gida. Abin da ya kayar da Duna ke nan, kuma yana iya kisa. Shi ya sa ba a tsayar da irin wannan magani farat ɗaya in an daɗe ana sha. Ya rubuta wa Kawu firednisolon daidai nauyin Duna, a yi kwanaki ana ba da kaza, a rage zuwa rabi, a koma yau a ba gobe a tsallake, har tsokar ta farka ta kama aikinta. Sai da aka yi sama da wata guda ana wannan saukowa.

Ƙishirwa da fitsari da yunwa da haki, ya ce waɗannan suna zuwa tun a kwanakin farko, ko likita ne ya rubuta maganin, kuma suna tafiya in an daina. Teɓa da tsotsewar cinya da zubar gashi da sirancewar fata, su ne na wanda ya daɗe a kai. Akwai sunan wannan yanayi, ana danganta shi da wani likitan Amurka mai suna Harvey Cushing. Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani: garkuwar jiki tana rauni, ciwon mafitsara yana shiga a ɓoye, wani karen ya kamu da ciwon suga, wani gyambon ciki, musamman in an haɗa masa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da aibufurofen. Ya ƙara wata magana da ta shafi duk mai kiwo: allurar dekza tana iya sa saniya ko tunkiya mai tsohon ciki ta zubar da shi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya ce duk wata ukun nan ba wanda ya tambayi me ya sa karen yake susa. Ya ɗauko farar takarda ya yayyafa mata ruwa, ya ajiye a ƙarƙashin Duna, ya taje gindin wutsiyar da ƙaramin mataji. Wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo kamar garin masoro. Muna kallo, kowane ɗigo ya fara narkewa yana yin ja a kan takardar. Ya ce wannan kashin ƙuma ne, jan kuma jinin Duna ne da ta sha. In ƙasa ce ko datti ba za ta yi ja ba.

Kusan kowane kare a ƙauye yana da ƙuma, amma ba kowanne ne yake gwaguyar kansa haka ba. Wasu jikinsu ba ya shiri da yawun ƙuma, kamar yadda wani mutum in ya ci wani abinci sai borin jini ya taso masa alhali 'yan gidansu sun ci lafiya. Irin wannan karen cizo kaɗan ya ishe shi ya yi kwanaki yana susa. Likitan ya ce wa Kawu, "Malam, kai mai kare ne. In ɓarawo ya shigo kare yana haushi, sai ka ɗaure bakin karen ka koma ka kwanta?" Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Susar ita ce haushin. Ƙwayar ta ɗaure bakin, ƙuma kuwa tana nan tana shan jininta.

Korar ƙuma ta fi ba da ƙwaya wuya, mu muka san haka don mu muka yi aikin. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya zama a jikin kare, zubowa yake yi inda yake kwanciya. Mafi yawansu suna cikin ƙasa da tsumma da tsagar daɓe, waɗanda ake gani a jiki kaɗan ne. Lema da ɗumin damina kuma su suke so, shi ya sa abin ya taso da saukar ruwa. Aka ƙone tsohon buhun da Duna yake kwana a kai. Muka share zaure da gindin rumbu, muka kwashe ƙasar sama muka zubo sabon yashi. Sabon buhun duk Juma'a sai an wanke shi an shanya a rana. Likita ya ba da maganin ƙuma na karnuka da ake ɗigawa a ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, wata-wata. Kyanwar gidan Kawu ma sai da aka nemo mata nata daban, don ya gargaɗe mu cewa wani maganin kare yana kashe kyanwa.

Ba duk susa ce ta ƙuma ba. Akwai ta kaska, akwai ta ƙwarƙwata, akwai ta abinci ko ƙurar ciyawa, akwai ƙazuwa, wadda wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suke haƙa rami a cikin fata. Wannan sai an kankari fatar an duba a madubin likita. Irinta ɗaya tana kama mutum ta sa masa ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Wata irin kuma ta fi kama 'yan kwikwiyo, kuma garkuwar jiki ce take danne ta, don haka in aka ba su siteroyid an buɗe mata ƙofa ke nan. Mutumin da ya zo da babur yana tambayar sunan magani, ɗan kwikwiyo ne da shi mai 'yan tabo a fuska. Kawu ya ba mu labari cewa bayan wata biyu duk jikinsa ya zama ɓawo da mugunya, bai kai kaka ba. Ba likitan da ya gan shi, amma da Kawu ya kwatanta wa namu sai ya ce ya sha ganin irin haka.

Kada wani ya karanta wannan ya ce dekza guba ce. Mun tambayi malamin kimiyya me ya sa ba a hana yin ta ba, sai ya ce da an hana da mutane da yawa sun mutu. A 1948 wani likita mai suna Philip Hench a asibitin Mayo da ke Amurka ya fara gwada kotizon a kan wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 shi da wasu masana biyu suka sami kyautar Nobel a kan wannan aiki. A watan Yunin 2020, lokacin korona, masu bincike na Jami'ar Oxford da ke Ingila suka sanar cewa dekza ta rage mutuwar waɗanda aka sa wa na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Masu asma da yawa da dangin wannan magani suke numfashi. Likitan Duna ma ya ce da tun farko aka kawo shi, zai iya ba shi firednisolon na 'yan kwanaki don fatar ta huta, a kori ƙuma a lokaci guda, a sauko da maganin, shi ke nan. A ganinmu abin da ya ɓata lamarin shi ne maganin da doka ta ce sai da takardar likita, an miƙo shi ta taga ba tambaya.

Kuma arahar ta zama tsada. In aka haɗa kuɗin mota da ruwan da aka ɗaura da allura da komawa sau biyu, sai da Kawu ya sayar da tiya goma ta sabon gero. A satin da Duna yake kwance ba ya ko ɗaga kai, aka shiga gidan da ke jikin namu da dare aka kwance awaki biyu, ɗaya da ciki. Matar gidan mijinta ya rasu, da awakin nan take sayen littattafai da kayan makarantar yaranta. Ba wanda ya ji motsi. Tsugune ba ta ƙare ba, in ji masu magana, an sayar da kare an sayi biri.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanmu. Da muke ba yayarmu labarin teɓar Duna, ita da take karatun aikin lafiya, sai ta ce ai wannan ƙwayar ce wasu suke sha don su yi ƙiba. Duk mun san sunayen da ake kiran ƙwayoyin ƙiba da su, har da sha-ka-fashe. Ta ce wanda ya daɗe yana shan dekza fuskarsa takan yi fam kamar faranti, ciki da ƙeya su cika, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Mutane su ce ya yi kyau, kamar yadda aka ce wa Duna. Ta ce mayukan bilicin da yawa ma akwai dangin siteroyid a ciki, shi ya sa fatar mai shafawa take sirancewa, jijiyoyi su fito, ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ba mu ambaci kowa ba, amma a makarantar nan akwai waɗanda ake tsokana da "sillan kara" ko "baƙin tukunya" har su fara tunanin kemis. Wanda ya riga ya fara sha ya daɗe, kada ya yanke da kansa saboda ya karanta wannan. Ya faɗa wa babba a gida a kai shi asibiti a sauko masa da shi a hankali.

Da muka kai maganar ƙishirwar Duna Islamiyya, malam ya tuna mana da hadisin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya ba shi, Allah Ya gafarta masa. Ya ce an yarda a ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta, kuma wanda ya ajiye shi ci da sha da lafiyarsa suna wuyansa. Wannan ya sa muke cewa in likita ya ɗora karenku a kan irin wannan magani, kada a rage masa ruwa don yana fitsari. A cika kaskon, a bar masa hanyar fita. Masu jifan kare mai ƙazuwa a hanyar makaranta kuma, ku sani ciwo ne da shi. Ba mu ce ku taɓa shi ba. Karen da ba ku sani ba a ba shi hanya, don haukan kare gaskiya ne, kuma in alamarsa ta bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Akwai rigakafin da ake yi wa karnuka, ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, kuma an yi wa Duna tasa bayan ya murmure.

Likitan ya ce a ƙasashen waje akwai sababbin magungunan ƙaiƙayin kare da ba siteroyid ba, irin su Apoquel da aka amince da shi a Amurka a 2013, amma kuɗinsu ba na mai noman gero ba ne. Mu namu shi ne shara da wanki da maganin ƙeya. Duna ya tashi. Cikin ya koma, gashin ya tsiro, sai dai na gefen hagu ya fito ja-ja maimakon baƙi, har yara suna ce masa mai faci. Haushinsa ya dawo. Gudu ne bai dawo duka ba. Da aka fita farautar farko bana, Kawu ya ce ya tashi zomo ya bi shi kaɗan ya tsaya yana haki, sai karen wani ne ya kama. Tun daga nan a gida yake barin sa, in motar mafarauta ta tashi Duna ya bi ta har bakin titi ya dawo.

Ranar Laraba bayan tashi, a zaman kulob, za mu zo da farar takarda da mataji da abin da muka tajo daga jikin wani karen maƙwabta da ya fara susa, a ƙulle cikin leda. Malamin aikin gona ya yarda zai tsaya. Duk wanda ake kiwo a gidansu ya zo ya ga yadda ɗigon yake komawa ja, kuma ya taho da ruwansa a gora don famfon makaranta ba ya kawowa da rana.